Inci Uku da Ban Faɗa Ba

Ranar Talata

Zuwa ga Innata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar 'ya ga uwa, da fatan kina lafiya. Ya aiki, ya 'yan makarantar da kike dafa wa abinci? Allah ya sa hayaƙin murhu ya daina damun idonki. Ni lafiyata ƙalau. Ƙanwarki Umma ce ba lafiya, kuma saboda ita na ɗauki biro.

Kin san ni da waya, da an miƙo min sai bakina ya mutu. Ga shi ɗaki ɗaya muke da Umma, duk abin da na faɗa a kunnenta ne. Shi ya sa zan riƙa ba direban da ke kai muku kayan abinci takarda. Ya ce ba komai.

Ranar Alhamis da azahar ina bayan shago ina guga, sai na ji keken ɗinkin Umma ya yi shiru. Na leƙo na tarar da goshinta a kan keken, ƙafarta ɗaya tana kan matakin. Mai gyaran takalmi na kusa da mu ne ya tare mota muka kai ta asibiti. Likita ya ce jininta ya hau sosai. Ya tambaye ta yaushe rabonta da barcin kirki, ta kasa tunawa. Ya ce sati shida ba keke, ba taro, ba ɓacin rai. Yanzu tana gida, maganin da aka ba ta yana sa ta barci kamar jaririya.

Inna, ba ɗinki ne ya kayar da ita ba. Ƙungiya ce.

Kin tuna bara da kika zo, kika ce mata ta daina zaman shago kamar kaza a kan ƙwai, ta shiga ƙungiyar mata masu sana'a ta unguwarmu don a san ta? Ta shiga. Da farko abin ya yi kyau, har muka samu sababbin masu kawo ɗinki. Daga nan aka gane ba ta iya cewa a'a. Labulen ɗakin taro, ita ta ɗinka. Koya wa 'yan mata ɗinki kyauta ranar Asabar, ita. Wata ta buɗe shago, Umma ce mai jera kujeru, ita ce mai kwashewa. Taro sau uku a sati, kuma Shugaba ba ta fara magana sai Umma ta share wurin. Shugaba ita ce mai babban shagon yadi na bakin titi, mai zobe a kowane yatsa. In ta hango Umma sai ta ɗaga murya ta ce, "Ga ƙashin bayanmu nan!" Umma ta yi ta murmushi. Ta dawo shago aikin mutane ya taru, ta hau keke ko abincin rana ba ta ci ba.

Na ƙarshe shi ne baje kolin da za su yi wata mai zuwa. Sun ce dukkansu riga iri ɗaya za su sa, kowa ta sayi yadinta a wurin Shugaba, ɗinki kuma aka jibgo wa Umma. Ta gama auna su, ba ta fara yanka ba ta faɗi. Yadin yana nan tuli a shago.

To ƙashin baya ya karye. Yau kwana biyar. Su ashirin da takwas ne ban da Umma. Kin san nawa suka zo dubiya? Ɗaya. Tsohuwar nan Mai Sabulu, ita ma da sanda ta zo, ta zauna tana matsa wa Umma ƙafa har la'asar. Sauran ko aike.

Na rubuta sunayensu duka a bayan tsohon littafina na makaranta. Ban san me zan yi da su ba tukuna, amma na rubuta.

Ki yi mana addu'a. Tun da Baba ya rasu shagon nan ne cinmu, kuma Umma ce shagon.

Ni ce takwararki.


Ranar Juma'a

Takwarata, 'yar albarka,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta same ni ina tsakiyar yanka albasa, don haka ba wanda ya tambaye ni dalilin hawaye. Lafiyata lau, idon ma da sauƙi, an gyara mana bututun hayaƙi. Ki gai da uwarki, ki ce yayarta ta ce ta kwanta, ko in zo in zauna a kanta.

Na karanta inda kika ɗora min laifin tura ta ƙungiya. Ya sosa min rai, amma ba zan musa ba. Na ce ta shiga mutane, ban ce ta zama tabarmarsu ba. Kuskurena da na manta halin ƙanwata. Tun muna yara, in aka aiki mutum uku ita kaɗai ke zuwa duka ukun. Ni ma ina cikin ƙungiyar ma'aikata a nan. Taro ɗaya nake zuwa a wata, aiki ɗaya na ɗauka, shayin ranar taro. Wanda ya nemi ƙari sai in nuna masa tukwanena. Har yau ba wanda ya daina gaishe ni.

Ba zan samu zuwa ba sai an yi hutu. Yara ɗari huɗu ba sa jiran kowa, cikinsu bai san ina da ƙanwa ba.

Waɗancan matan kuwa, an ce zumunci a ƙafa yake, to mun ga ƙafar kowa. Da ina nan, da mai zobban nan ta ji abin da ko uwarta ba ta taɓa gaya mata ba. Amma ke yarinya ce. Kada ki tanka wa kowa, kada ki ja wa uwarki magana tana kwance. Ki rufe shago, ki ba ta magani kan lokaci, yadin nasu kuma su zo su kwashi abinsu.

Sunayen da kika rubuta, jarrabawa za ki ba su? Yaga takardar ki hura wuta da ita.

Allah ya ba ta lafiya, ke kuma ya yi miki albarka.

Innarki.


Ranar Litinin

Inna,

Ina gaisuwa da ladabi. Na ji daɗin gyaran bututun. Umma da sauƙi, jiya ta ci abinci har ta nemi ƙari, kuma ta yi dariya da na faɗa mata za ki zauna a kanta.

Wallahi ban ce laifinki ba ne. Labari kawai na ba ki daga farkonsa. Ki yafe min in rubutuna ya fito a karkace. Takardar sunayen kuma ban yaga ba.

Shugaba ta zo ranar Asabar. Ba ita kaɗai ba, da ƙanwarta wadda ta buɗe shagon ɗinki wata biyu da suka wuce a bayan shagon yadin. Mai Sabon Keke ake ce mata. Sun tarar Umma ta sha magani tana barci.

Shugaba ta ce, "Ina ƙashin bayan namu?"

Na nuna mata ɗaki.

Ta ce, "Bar ta ta huta, baiwar Allah. Nauyi muka zo sauke mata. Ɗauko mukullin shago."

Muka je suka kwashe yadin. Na ji daɗin wannan, don ke ma kin ce su kwasa. Sai Shugaba ta juyo ta ce, "Ke kurma, ina littafin awo?"

Inna, kin san littafin, mai baƙin bango. Shekara goma sha ɗaya Umma tana rubutu a ciki. Duk wadda ta taɓa kawo mana ɗinki tana ciki, da awonta, da lambar wayarta, har da irin su "ba ta son matsattsen hannu". Na so in ce sai Umma ta tashi. Da hannuna na jawo akwatin keke, da hannuna na miƙa mata.

Ta ce wa ƙanwarta, "Kin ga yarinyar kirki. Ba baki, sai hannu."

Sun ce awon mata ashirin da takwas kawai za su kwafa su dawo da shi. Bai dawo ba. Jiya a shagon magani na haɗu da malamar nan da ke kawo wa Umma ɗinki tun ban fara tafiya ba. Ta kama hannuna ta ce, "Allah sarki, ashe Umma ta bar sana'a?" An kira ta a waya an ce likita ya hana Umma keke har abada, wai awonta yanzu yana hannunsu, ta kawo yadi kawai. Kafin in iso gida wasu biyu sun yi min irin wannan jajen. Tana da rai suna rabon gadonta.

Ban gaya wa Umma ba. Ita ta ɗauka yadi kaɗai aka kwasa, kuma za a sake auna kowa.

Yanzu ga abin da nake so ki ji da kyau. Tef ɗin da Umma ke awo da shi, rawayan nan, dutsen guga ya ƙone bakinsa tun kafin a haife ni. Ta yanke ƙunar ta ci gaba da aiki da shi, wai hannunta ya saba. Daga lamba uku yake farawa. Abin da ta gani a tef shi take rubutawa, in ta zo yanka sai ta cire uku a ka. Ba wanda ya sani daga ita sai ni, don ni ke ja mata alli a kan yadi. Ke nan duk lambar da ke cikin littafin nan tana da inci uku da ba na mai ita ba. Kafaɗa, wuya, hannu, tsawo, duka.

Mai Sabon Keke ba za ta sake auna kowa ba, na ji tana cewa ai an hutar da ita. Ranar Alhamis za ta fara yanka.

In na je na faɗa, sun gyara, sun sha yabo da awon Umma, sun riƙe mutanenta. In ban je ba, ban je ba. Kin ce kada in tanka wa kowa. Wannan ma yana ciki? Ki ba ni amsa kafin Alhamis. In ban ji daga gare ki ba, zan ɗauka kin ce in zauna.

Takwararki.


Ranar Lahadi

Inna,

Ina wuni, ina gajiya? Allah ya sa lafiya ce ta sa kika yi shiru. Yau kwana goma sha uku ina tare direba, kullum sai ya ce, "Ai na bayar." Umma tana samun ƙarfi, har ta fara zama a ƙofar ɗaki da safe tana shan iska.

Ban ji daga gare ki ba, don haka na zauna.

Ranar Larabar da za a kwana a fara yanka, Mai Sabon Keke ta tare ni a hanya da littafin a hammatarta. Ta ce, "Ke, lambobin uwarki inci ne ko?" Na gyaɗa kai. Ai inci ne, ban yi ƙarya ba. Ta ce, "Kafaɗun nan sun yi min yawa." Na duba ƙasa. Sai Shugaba ta ƙwalo daga shago, "Yanka kawai! Matan yanzu sun fi son sakakken kaya. Ke da kika fara jiya za ki gyara wa wadda ta yi shekara da shekaru a kan keke?" Na wuce abina.

Yau aka yi gwajin riguna a ɗakin taro. Umma da kanta ta aike ni, wai in kai musu gaisuwarta, in ce Allah ya sanya alheri. Na zauna can baya kusa da tsintsiyoyi, inda ba a ganin mutum.

Mai Kitso ce ta fara fitowa. Hannun rigar ya haɗiye yatsunta gaba ɗaya. Ta ɗaga su suna reto ta ce, "To ni da me zan kama gashi?" Mai Hoto ta yi taku biyu ta taka bakin rigarta, da ba ta damƙi labule ba da ta sha ƙasa. Matar mai shagon magani kafaɗarta ta sauko tana neman gwiwar hannu. Kowa ta fito sai ka ce yarinya ta saci kayan uwarta. Da farko dariya ake, kowa tana nuna 'yar uwarta, har kowa ta duba jikinta.

Shugaba ce ta ƙarshe. Dama ita ta ce a buɗa mata wuya sosai don sarƙarta ta fito. A kan wannan aka ƙara uku. Ta leƙo daga bayan labule ta tattare gaban rigar da hannu biyu, zobba goma suna aikin da ba su taɓa yi ba, tana cewa, "Mayafi! A miƙo min mayafi!"

Mai Kitso ta ce, "Shugaba, wannan wuya ne ko taga?"

Ɗakin ya fashe. Ni gefen mayafina na cusa a baki na cije.

Daga nan faɗa ya tashi. Shugaba ta hau ƙanwarta da zagi, ƙanwar ta fashe da kuka ta ce, "Abin da ke cikin littafi na yanka!" Mai Kitso ta ce, "Wane littafi?" Nan kowa ta ji cewa littafin Umma yana hannunsu tun sati biyu. Ba wadda ta waiwayo inda nake. Wa zai tambayi kurma?

Inna, na ji daɗi. Ba zan ɓoye miki ba. Tun ranar da na ɗaga goshin Umma daga kan keke ban ji sanyi a ƙirjina ba sai yau. Na dawo gida na buɗe takardata, na bi sunayen ɗaya bayan ɗaya ina sa musu maki kamar malama.

Abu ɗaya ne kawai. Mai Sabulu ba ta yi dariya ba, ba ta yi faɗa ba. Tana tsaye a gefe a cikin tata rigar, tana shafa yadin tana cewa, "Shekara uku rabona da sabo." Ita dama ba ta cikin takardata. Ban sake kallon wajenta ba.

Saura kwana goma sha ɗaya baje koli. Su sa buhunansu su je a yi musu hoto.

Na ce wa Umma an yi gwaji lafiya.

Taki har kullum.


Ranar Laraba

Takwara,

Lafiyata ƙalau, kuma na gode Allah da uwarki ta fara fitowa ƙofa. Takardunki biyu tare suka zo min jiya. Ta farkon tana gaban motar mutumin nan ƙarƙashin tsumman goge mai, har ta yi baƙi. Ya sha abin da ya sha a bakina, yau ko ruwa bai tsaya sha ba.

Zan gaya miki gaskiya tunda ke ma kin gaya min. Na yi dariya har matar da muke wanke tukwane tare ta zaci aljanu ne. Wurin tagar nan sau uku na karanta. Da ta farkon ta zo a kan lokaci, me zan ce miki? Ina so in ce da na tura ki kin faɗa. Allah ne ya sani. Wanda ya kira masu ɗinkin mara lafiya ya ce ta bar sana'a, ba ni da hawayen da zan yi masa.

Amma kada ki rataya min shirunki a wuya. Na ce kada ki yi faɗa da manya. Ke kika zaɓi layin da ya yi miki daɗi kika kwanta a kai. Kuma tsohuwar da ta matsa wa uwarki ƙafa, me ta yi miki?

Yanzu bar dariya ki saurare ni. Kin tsaya kin yi tunanin ina za su kai rigunan? Hannu da tsawo kowa zai rage. Wuyan da aka yanke ya yi faɗi, mutum nawa ne a unguwarku suka iya rufe shi ba a gane ba? Ɗaya ce, kuma tana kwance a ɗakinku. Riguna ashirin da takwas, kwana ƙalilan, da macen da ba ta taɓa cewa a'a ba tun da aka haife ta. Za su zo da murya mai zaƙi, za ta ce su ajiye, za ta hau keke. Wannan karon ban san ko asibiti zai ishe ta ba. An ce in za ka gina ramin mugunta gina shi gajere. Naki bakinsa a ƙofar ɗakinku yake.

Shiru ya yi miki aikin farko, ba zai yi miki na biyu ba. Ni ina nesa. Ke ce a ƙofar. Ki tsaya a cikinta ki buɗe bakin nan, ko da murya na rawa. Sannan ki gaya wa uwarki abin da kika yi kafin ta ji a bakin wata.

Na ba direba wannan a hannu, na ce in ta kwana a motarsa ya nemi wata hanyar wucewa ba ta gaban kicin ɗina ba.

Innarki da ba ta samu barci ba saboda ku.


Ranar Lahadi

Innata,

Gaisuwa mai yawa. Muna lafiya, ki kwantar da hankalinki tun daga layin farko: Umma ba ta hau keke ba.

Takardarki ta zo Juma'a da safe. Na karanta ta a bayan gida sau biyu. Ina ta juya yadda zan fara gaya wa Umma har la'asar ta yi, sai ga matan ƙungiya. Ashe sun kai wa teloli biyu rigunan a kasuwa, duka sun ce ba za su iya gyarawa kafin ranar baje koli ba. Su tara suka zo, kowa da jaka, Shugaba a gaba.

Na tashi na tsaya a ƙofa, na dafa gefe da gefe.

Shugaba ta ce, "Sannu 'yan mata. Mun zo duba jikin ƙashin bayanmu. Matsa."

Na ce, "A'a." Ni kaina da ƙyar na ji.

"Me kika ce?"

"Na ce a'a. Umma ba za ta taɓa ko ɗaya ba. Likita ya hana."

Mai Hoto ta ce, "Lah! Ashe tana magana!"

Ban san daga ina sauran ta fito ba. Na ce, "Kun kira masu ɗinkinta kun ce ta bar sana'a. To ta bari. Ku kai inda aka ɓata."

Sai na ji Umma a bayana. "Wa ya ce na bar sana'a?"

Tana tsaye ta dafa bango. Sai Mai Kitso ta faɗa mata komai, na littafi da na waya. Duk da haka, Inna, da idon Umma ya sauka kan jakunkunan, hannunta ya miƙa da kansa. Ta zaro riga ɗaya ta ware, ta auna kafaɗar da tafin hannu. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta dube ni.

"Da littafina aka yanka wannan?"

Na ce e.

"Kin san za a yanka da shi?"

Na ce, "Na sani. Da gangan na yi shiru." A gabansu duka.

Shugaba ta tafa hannu. "Kun ji ko! Sumumu-kasau! Dama irin waɗannan masu sunkuyar da kai—"

Mai Kitso ta katse ta. "Shi littafin ƙafa ya yi ya tafi shagon ƙanwarki?"

Umma ta zauna a bakin ƙofa. Can ta ce, "Littafina tukuna." Mai Sabon Keke ta ruga ta kawo shi. Umma ta ɗora shi a cinya ta ce duk wadda aka kira aka ce ta bar sana'a, a sake kiranta yanzu a gabanta, da wayar da aka yi ƙaryar. Mutum goma sha huɗu, Inna. Na tsaya ina sauraron kowace ɗaya, ko ƙiftawa ban so in yi.

Da aka gama ta ce, "Keke ba zan hau ba. Awa ɗaya zan zauna kowace safiya, in sa alli inda za a rage, in nuna yadda za a rufe wuya da ragowar yadi. Ɗinki a yi shi inda aka yanka. Riga huɗu a rana, ba ƙari."

Shugaba ta ce, "Haba ƙashin baya, kwana shida ya rage! Huɗu a rana ai ba za su isa ba."

Umma ta ce, "Ba za su isa ba."

Ni aka ba rubuta layi. Mai Sabulu ce ta ɗaya. Shugaba ce ta ashirin da takwas, ƙanwarta tana gabanta. Umma ta karɓi takardar ta duba har ƙasa, ta kalle ni, ta miƙo min.

Kada ki zaci na tsira. Bayan sun tafi kwana ɗaya da wuni ba ta yi min magana ba, magani ma da hannu take nuna min in ajiye. Jiya ta ba ni rigar Mai Sabulu da reza, ta ce wannan ba za ta je shagon kowa ba. In farke kowane ɗinki da hannuna, ni zan mayar, kuma in je in gaya wa tsohuwar da bakina. Na je. Ta saurare ni har ƙarshe tana yanka sabulu, sannan ta ce, "'Yar nan, da kin raɗa min ni kaɗai, ai da na riƙe yadina na zo kallo." Na rasa inda zan sa fuskata. Wannan ɗaya na yi nadama. Sauran ashirin da bakwai, ina neman nadamar ban same ta ba tukuna.

Yau da safe bayan an gama allin riguna huɗu, Mai Sabon Keke ta ce Shugaba ta ce a roƙi Umma ta leƙo ɗakin taro da yamma. Wai ba aiki za ta yi ba, zama kawai, ta nuna musu yadda za a jera teburan baje koli. Umma ta ce za ta aiko da amsa. Da matar ta fita na ga ta miƙa hannu wajen ƙusar da take rataye mayafi. Ta taɓa shi, ta tsaya, sai ta koma ta zauna a kan katifa.

Ta ce, "Je ki ce ba zan zo ba."

Na ce, "In ce saboda me?"

Ta gyara filo ta kwanta. "Ba saboda komai ba. Ba zan zo ba kawai. Ki jawo min ƙofa."

Na jawo ƙofar a hankali. Daga nan da gudu na tafi. Na tarar da shagon yadi cike da masu saye, ban jira an watse ba. Na tsaya a tsakiya na faɗa yadda ta faɗa, ban ƙara ba, ban rage ba. Sai dai da ƙarfi na faɗa, har wani mai gyaran taya a tsallaken titi ya ɗago kai.

Da na dawo tana barci. Har yanzu da nake rubutun nan ba ta tashi ba, kuma ba mai tashinta.

Allah ya kawo ki lafiya in an yi hutu. Ki gai da abokiyar wanke tukwanenki.

Ni ce takwararki.